Manhajojin da suka zo da laftof da waɗanda ake zubawa daga baya: wanne za a bari, wanne za a goge?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina aji huɗu a jami'a, yayana ya saya min laftof sabuwa dal a kwali saboda rubutun furojet. Da na kunna sai na tarar da abubuwa cike a ciki waɗanda ban san su ba, ga wani antibairos kullum sai ya fito min da saƙo wai saura kwana kaza, Word ɗin ciki kuma ya ce sai na biya kuɗi. Mai shagon ya ce in kawo dubu biyar ya zuba min komai da komai, ƙawata kuma ta ce in kai a yi fomatin a goge duk abin da ya zo da ita don su ne ke sa ta nauyi. Don Allah wanne ya fi, waɗanda suka zo da ita ko waɗanda ake sawa daga baya? Kuma me ya sa Windows ta zo da Edge wanda ban nema ba amma ba ta zo da Word wanda shi nake buƙata ba?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a karatu, Allah ya saka wa yayanki da alheri. Idan na fahimce ki tambayarki biyu ce, ta farko ki bar abin da kika tarar ko ki share ki zuba wasu, ta biyu kuma dalilin da ya sa aka ba ki wani abu kyauta aka hana ki wani. Kafin in shiga bayani ga abu ɗaya da nake so ki riƙe, kar ki kai wa mai shagon nan laftof ɗinki tukuna kuma kar ki yi fomatin, ki bari ki gama karanta wannan. Na daɗe ina sana'ar gyaran kwamfuta a Kano, kuma mafi yawan laftof ɗin da ake kawo min da matsalar manhaja ba daga kwali suka fito da ciwon ba, a satin farko aka saka musu shi da sunan taimako.

Hannu uku ne suke taɓa kwamfuta kafin ta zo gare ki

Inda mutane suke rikicewa shi ne suna ɗaukar duk abin da suka tarar a ciki a matsayin abu ɗaya, wai "ya zo da ita". Alhali ba mutum ɗaya ya zuba su ba. Hannu na farko shi ne na Microsoft mai Windows ɗin kanta, shi ne ya zuba Edge, wato burauzar shiga intanet, da Notepad da Paint da Calculator da Photos da antibairos ɗinsa Defender da sauransu. Hannu na biyu na kamfanin da ya ƙera ƙarfen ne, HP ko Dell ko Lenovo ko Acer ko waye dai, su ma suna ɗora nasu a kai, wasu masu amfani wasu kuma talla ce tsagwaronta. Hannu na uku shi ne na ɗan kasuwa a nan gida, wanda yake da filash ɗaya a aljihu da yake zuba wa kowa abu iri ɗaya. Ke a yanzu hannu biyu ne suka taɓa taki, na ukun ne yake neman dubu biyar.

To ni duk manhajar da na gani a kwamfuta tambaya biyu nake yi mata, wa ya saka ki, kuma wa zai ci gaba da ɗinke ki idan kin yage. Don manhaja ba kamar kujera ba ce da za a saya a ajiye shekara goma, kullum ana gano mata ƙofar da ɓarawo zai iya shiga, kuma dole a samu wani da yake aiko da faci. Wadda ta zo da Windows facinta yana zuwa ta Windows Update ko Microsoft Store ba tare da kin yi komai ba. Wadda kika sauke daga shafin masu ita, irin su Chrome ko Firefox ko VLC, ita ma tana da mai kula da ita. Wadda aka fasa, wato aka karya kullenta don ta yi aiki ba a biya ba, aka zuba miki daga filash kuwa marainiya ce, ba mai kula da ita, sau da yawa ma sai an toshe mata hanyar sabuntawa da gangan don kar masu ita su gane an fasa ta.

Me ya sa Edge kyauta ne amma Word sai da kuɗi

Wannan rigima ce da ta girme ki, ta ma girmi kwamfutar tebur. A da can kamfanin IBM idan ya ba ka hayar babbar kwamfuta manhaja gyara ce a kai, kamar yadda mai tumatir zai ƙara miki biyu bayan kin biya, sai a 1969 ya fara sa wa manhaja farashinta daban, daga nan sayar da manhaja ya zama kasuwa mai zaman kanta. Tun daga lokacin duk mai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows, yana da zaɓi a hannunsa, me zai ba da gyara, me zai sayar.

A tsakiyar shekarun 1990 burauzar da kusan kowa ke shiga intanet da ita Netscape ce. Microsoft ya ga cewa idan mutane suka koma yin komai a cikin burauza to wata rana ba wanda zai damu da wace babbar manhaja ce a ƙasa, sai ya fito da Internet Explorer a 1995, ya ba da ita kyauta, ya zo ya cusa ta cikin Windows 98 har ya ce ba za a iya raba su ba. Wanda ya sayi kwamfuta ya tarar da burauza a kan allo me zai kai shi sauke wata, musamman a zamanin da intanet ta layin tarho ce tana tafiyar hawainiya. A watan Mayu 1998 ma'aikatar shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka maka Microsoft a kotu, a shekarar 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya yanke hukuncin a raba kamfanin gida biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, aka ƙare da sulhu. Kafin a gama shari'ar, Netscape ta riga ta durƙushe, daga ragowarta ne aka samu Firefox a 2004. Abin da ya biyo baya shi ne darasin da nake so ki gani, da Internet Explorer ta cinye kasuwa sai aka daina kula da ita yadda ya kamata, ta 6 ta fito a 2001, ta 7 ba ta fito ba sai 2006, shekara biyar mutane suna fama da burauza mai huji ko'ina saboda ba abokin gasa.

Turai ta fi Amurka zafi a wannan batu. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma tilasta masa fitar da Windows wadda ba ta da Media Player a ciki, ita ce ake sa wa harafin N a ƙarshen suna. Idan kin taɓa ganin Windows 10 Pro N a jerin zaɓi lokacin da ake zuba Windows to asalinta kenan, kuma ki guje ta don akwai abubuwan sauti da bidiyo da ba sa aiki a cikinta sai an ƙara musu wani kunshi. Daga baya a 2009 Microsoft ya yi alƙawarin nuna wa mutanen Turai allon zaɓen burauza, allon ya ɓace a wata sabuntawa ta Windows 7, a 2013 aka sake cin sa tarar Yuro miliyan 561. Har yanzu ba a gama ba, daga 2024 mutumin da ke ƙasashen Tarayyar Turai yana iya cire Edge daga Windows saboda sabuwar dokarsu, mu a nan maɓallin cirewar a dushe yake.

Word kuma labarinsa daban. Office yana cikin manyan hanyoyin da Microsoft ke samun kuɗi, ba zai ba da shi gyara ba. Edge idan kin yi amfani da shi kina bincike ta Bing kina ganin talla kina shiga asusunsu, riba ce a gare su ko ba ki biya ko sisi ba, Word kuwa sun san ma'aikatu da makarantu da kamfanoni ba su da makawa sai sun saya. Shi ya sa abin da kika tarar a laftof ɗinki ɗanɗano ne kawai na Microsoft 365, an saka shi ne don ki buɗe ki saba sannan a nemi kuɗin shekara ko na wata. Ba wai laftof ɗinki ce ke da matsala ba, haka ake yi wa kowa.

Hannun kamfanin da ya ƙera ta

Ribar ƙera laftof mai araha siririya ce ƙwarai, to sai kamfanonin suka samo wata hanyar cike giɓi, masu antibairos da masu wasanni da sauransu suna biyan su la'ada don a saka kayansu a cikin kowace sabuwar na'ura. Wannan antibairos da yake ƙirga miki kwanaki, galibi McAfee ko Norton na gwajin wata ɗaya, dillanci ne aka yi a kanki. Ba wai manhajar banza ba ce, wanda ya biya kuɗinta tana masa aiki, amma ke ba ki nema ba kuma ba ki buƙata, don tun daga Windows 8 a 2012 Defender ya zama cikakken antibairos a cikin Windows ɗin kanta, kuma ga ɗaliba mai rubutu da bincike ya wadatar. Idan akwai wani antibairos a kwamfuta Defender yakan ja da baya ya ba shi wuri, shi ya sa na fi son a cire na gwajin gaba ɗaya ta hanyar Settings sannan Apps, a sake kunna kwamfutar, a shiga Windows Security a tabbatar komai ya yi kore.

Wani lokacin abin yakan wuce talla ya zama haɗari. A farkon 2015 aka gano Lenovo yana sayar da wasu laftof da wata manhaja mai suna Superfish a ciki, aikinta ta cusa talla a shafukan da mutum ke buɗewa, kuma don ta iya yin haka sai ta shiga tsakanin mutum da shafukan da aka kulle da sirri, har da na banki, da wani satifiket nata wanda mabuɗinsa iri ɗaya ne a duk na'urorin. Da masana suka fasa mabuɗin sai ya zama duk wanda ke kan wayifai ɗaya da kai zai iya yi maka shafin bogi burauzarka ta amince da shi. A 2017 Lenovo ya yi sulhu da hukumar kasuwanci ta Amurka, ya kuma biya jihohi dala miliyan 3.5. Na kawo wannan ne don ki san "daga kamfani ya zo" ba ya nufin tsarkakakke ne.

Amma fa a nan ne maganar ƙawarki ta yi gajarta. Cikin kayan kamfanin akwai waɗanda idan aka goge su za ki ji a jikinki, direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan ƙarfen su yi aiki, irin na sauti da na allo da na wajen taɓawa, da manhajar da ke sa maɓallan Fn su yi aiki, da wadda ke kawo sabuntawar BIOS, ƙaramar manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ta hau. Akwai kuma wadda nake matuƙar so saboda halin wutarmu, a Lenovo Vantage ko MyASUS ko Dell Power Manager akwai wurin da za ki ce batir ya tsaya da caji a wajen kashi 60 ko 80 cikin ɗari, mai barin laftof a jone duk lokacin da aka kawo wuta ko aka tada janareta wannan yana ƙara wa batirinsa kwana sosai. Sau nawa aka kawo min laftof an yi mata fomatin an ce hasken allo ya ƙi raguwa ko makirufo ya daina ɗauka, ba abin da ya lalace, direba ne aka share.

Hannu na uku, wanda ya fi ba ni tsoro

Bari in ba ki labarin wata laftof da aka kawo min bara. Wani malamin makaranta ne, dattijo mai natsuwa, ya zo da ita a cikin jakar leda ya ce tun da ya saya fankarta ba ta hutawa, ko ba ya komai tana huci kamar injin markaɗe, batir awa ɗaya ya ƙare. Na buɗe Task Manager, wurin da ke nuna abin da ke aiki a kwamfuta, na ga injin yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, da na buɗe sai ya sauka, da na rufe sai fanka ta sake tashi, wato abin da ke ciki yana ɓuya idan ya ga ana kallonsa. Na duba Windows Security na tarar an kashe shi tun daga tushe, an kuma saka manyan foldoji a jerin wuraren da aka hana shi dubawa, Windows Update ma an toshe. Na tambaye shi wa ya zuba masa kaya, ya ce yaron shagon da ya saya ne, ya ma yi masa kirki bai karɓi kuɗi da yawa ba. Na ƙirga abin da aka zuba, burauza huɗu, manhajar kallon bidiyo uku, CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD fasassu ga mutumin da aikinsa rubuta jarrabawa da lissafin maki, da wasu manhajoji biyu na "ƙara gudu". A cikin ɗaya daga fasassun nan ne aka liƙo manhajar haƙar kuɗin kirifto, wato wani can a wata ƙasa yana cin riba da wutar malam da batirinsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a bayan laftof ɗin ga tambarin Windows na asali, tana da lasisinta halal na Windows Home a cikin BIOS, amma an goge an zuba mata Windows Pro an fasa.

Ki lura da wannan sosai Malama don ya shafe ki kai tsaye. Tun daga zamanin Windows 8 kamfanoni suna binne lambar lasisi a cikin allon uwar kwamfutar, ba a manna ta a takarda kamar da. Laftof ɗinki sabuwa a kwali kuɗin Windows yana cikin kuɗin da yayanki ya biya. Idan aka yi fomatin aka zuba irin wadda ta zo da ita za ta kunna kanta da kanta da zarar ta hau intanet, idan kuwa aka zuba wata iri daban za ta nemi lamba, daga nan sai a kawo kirak, wato manhajar fasa lasisi, kirak kuma sau da yawa ba ya shiga sai an kashe Defender, kin ga an ba kura ajiyar nama kenan.

Ba na cewa yaran kasuwa mugaye ne, da yawansu ni na san su, wasu ma a hannuna suka koyi aiki, su kansu ba su san me ke cikin filash ɗin ba, wani ya ba wani, wani ya sauke daga wani shafi shekara uku da suka wuce. Kuma akwai dalilin da al'adar ta kafu, data tana da tsada, kuɗin Office da dala ake lissafa shi, biya da katin naira a shafukan waje ya sha ba mutane wahala, mai saye kuma yana ganin idan allo bai cika da gumaka ba kamar an cuce shi. Duk na san wannan. Amma araha ba ta ado, furojet ɗinki na shekara guda da lambobin sirrinki na imel da banki duk a cikin na'urar nan za su zauna.

Abin da Windows ta riga ta ba ki

Da yawa daga abin da ake karɓar kuɗi a zuba, al'ada ce ta zamanin Windows XP da 7 da ta ƙi mutuwa. A lokacin gaskiya ne sabuwar Windows tsirara take zuwa, dole ka nemo mai buɗe PDF da mai kwance fayil da antibairos. Yanzu Edge yana buɗe PDF har ki ja layi ki yi rubutu a kai, kuma tun Janairu 2020 an gina shi a kan Chromium, injin da Chrome ke tafiya a kai, shafin da ya buɗu a wannan zai buɗu a wancan. Mayar da takarda PDF akwai Microsoft Print to PDF tun Windows 10. Fayil ɗin zip Windows ta daɗe tana buɗewa, daga 2023 Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z ma. Ɗaukar hoton allo akwai Snipping Tool. Har allon rubutun Hausa akwai a ciki, ki shiga wajen harshe a Settings ki ƙara Hausa, za ki samu ƙ da ɗ da ɓ ba sai an saka miki komai ba, idan furojet ɗinki ya shafi Hausa wannan zai rage miki wahala.

Raunin kayan da suka zo da Windows shi ne mai su yana iya ɗauke abinsa ko ya canza shi ranar da ya ga dama. WordPad ya zauna a Windows tun 1995, mutane da yawa da shi suke buɗe takardun Word idan ba su da Office, a 2024 aka cire shi daga Windows 11. Internet Explorer da aka yi duk waccan shari'a a kanta an yi mata ritaya a Yuni 2022. Kallon faifan DVD an cire shi tun Windows 8. Sannan Microsoft shi ma yana cusa nasa tallan, Windows 10 ta zo wa mutane da wasan Candy Crush a menu, OneDrive kuma, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yakan nemi ya kwashe foldojin Desktop da Documents ya kai can, wanda ga mai data ta waya abu ne da ya kamata ta sani kafin ta danna eh. Don haka ni ba na cewa duk abin da ya zo da ita shi ya fi. Abin da na dogara da shi kullum don aiki na fi son in zaɓe shi da kaina, VLC misali na fi yarda da shi a kan abin kallon bidiyon Windows don kusan ba fayil ɗin da yake ƙi.

A Mac tsarin daban ne don Apple shi ke ƙera ƙarfen shi ke yin babbar manhajar, ribarsa tana cikin kuɗin na'urar, shi ya sa yake ba da Pages da Numbers da Keynote, takwarorin Word da Excel da PowerPoint, kyauta kuma ba hannu na biyu. A Linux, wata babbar manhajar daban, irin su Mint za ki tarar da LibreOffice da Firefox tun daga farko, sauran kuma daga rumbu ɗaya ake sauke su a sabunta su tare. Aikina ya fi yawa a Windows, don haka a nan zan tsaya a kansu.

To Word ɗin fa

Wannan ce ainihin buƙatarki. Fara da tambayar sashen kwamfuta na makarantarku ko suna ba ɗalibai imel na makaranta, don Microsoft yana da tsarin da ɗaliban makarantun da suka yi rajista ke samun Word da Excel da PowerPoint na cikin burauza kyauta, wasu makarantun ma har da wanda ake saukewa. Ko babu wannan, da asusun Microsoft na kyauta za ki iya amfani da Word na burauza, sai dai yana son intanet kuma bai kai na kwamfuta cika ba. Google Docs ma haka. Idan kina son wanda zai yi aiki ba data, LibreOffice kyauta ne halal, yana buɗe docx, wato fayil ɗin Word, yana ajiye docx, ki sauke shi daga shafinsu. Gaskiyar da zan faɗa miki a kansa ita ce wani lokacin teburi da lambar shafi da tazarar layi sukan ɗan goce idan aka buɗe takardar a Word, to idan za ki kai wa malaminki ko wajen bugawa ki mayar da ita PDF, idan kuma ya ce lallai docx yake so don ya yi gyara a ciki, ki buɗe ta a Word na burauza ki duba kafin ki tura. Idan yayanki yana da hali akwai Office na saye sau ɗaya, irin na 2024, ba biyan wata-wata, amma a saya daga Microsoft ko dilan da aka sani, lambobin nan masu arahar banza da ake tallatawa a intanet sukan mutu bayan ɗan lokaci.

Da a gabana laftof ɗin take ga yadda zan yi. Zan haɗa ta da wayifai mai yalwa in bar Windows Update ya gama duk abin da zai yi, ko da zai ɗauki yini. Zan shiga jerin Apps in bi su ɗaya bayan ɗaya, antibairos na gwaji ya fita, wasanni da gumakan talla su fita, duk abin da ke ɗauke da sunan Intel ko AMD ko Realtek ko NVIDIA ko kamfanin laftof ɗin in bar shi sai na bincika na san aikinsa. Daga nan in buɗe Task Manager wajen Startup in kashe waɗanda ke tashi tare da kwamfuta ba dalili, don yawancin nauyin da ƙawarki ke magana a kai daga nan yake, manhajar da ke kwance ba ta tashi ba wuri kawai ta ci ba gudu ba. Zan sa wayifan wayarki a matsayin Metered connection don kar ta shanye miki data a dare ɗaya. Sannan in duba ko an kunna kullen ma'adana na BitLocker, don sababbin laftof da yawa suna kunna shi da kansu idan an shiga da asusun Microsoft, in sa ki rubuta mabuɗin ceto a takarda ki ajiye a gida, ranar da allon uwa ya samu matsala wannan takardar ce za ta fito miki da furojet.

Ban ga na'urarki ba, ban san RAM nawa gare ta ba, wato wurin da take riƙe aikin da take kai, ko ma'adana mai sauri ta SSD ce a ciki ko tsohuwar ma'adana mai juyawa. Idan RAM ɗin 4GB ne to ko an goge komai Windows 11 za ta riƙa ja da ƙafa, maganinta ƙarin RAM idan tana da gurbi, ba fomatin ba. Idan kuma bayan duk wannan kin ga har yanzu tana nauyi, akwai Reset this PC a cikin Settings wanda zai sake zuba miki Windows ɗinki ta asali da lasisinki, ki kwafe fayilolinki a filash tukuna, ki jona caja, kuma ki yi shi lokacin da kike da tabbacin wuta. Ki turo min sunan laftof ɗin da lambar samfurinta da hoton jerin Apps ɗin, zan nuna miki waɗanda za ki cire da waɗanda za ki bari in sha Allahu.